Kwandon da Ban Yanke wa Gindi Ba

Ɗana ne ya tayar mini da wannan zancen. Yana zaune a zaure da wayarsa, yana karanto mini tarihin wata babbar ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasar waje, irin waɗanda ake biyan 'yan wasansu albashi. Kaka kaza sun ɗauki kofi, kaka kaza sun sha kashi, kaka kaza kocinsu ya yi fushi ya tafi. Komai a jere, ba a tsallake ko ɗaya ba. Sai ya ɗago ya ce, "Abba, ku taku ƙungiyar fa, a ina aka ajiye tarihinta?" Na ce masa ya ɗaga kai sama. Ya ɗaga, bai ga komai ba sai wani tsohon kwando rataye a jikin azara. Ya yi dariya, ya zaci tsokanarsa nake. To ba tsokana ba ce, kuma tunda ya tambaya, ga amsar.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kiru, ba nisa da Kwanar Dangora, in dai iska ta juyo har ƙarar manyan motoci muna ji. Mahaifina manomi ne kamar kowa, amma da rani masaƙin kwando ne. Yakan saro geza a bakin rafi, wani lokaci a kawo masa gora daga wajen Doguwa, ya tsaga, ya jiƙa, ya zauna gindin darbejiyar ƙofar gida yana saƙa. Masu tumatir da masu albasa sun san shi, don kwandonsa ba ya zubar da kaya a hanya.

Ni ne ɗansa na fari, kuma wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan", in kuma da Inna yake magana, "yaron nan". Ba ya yabona, ba ya tsayar da ido a kaina a gaban mutane. Ƙanena kuwa a cinyarsa ya girma, har gemunsa yake ja. Na san al'ada ce, an faɗa mini tun ina ƙarami cewa ba ƙi ba ne, kara ce. Na ji, na yarda. Amma wallahi tana da ciwo, kuma duk wanda ya ce maka ba ta da ciwo ba ɗan fari ba ne.

Wasan ya shigo mana ne ta hannun wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarmu ta sakandare. Ya zo da wata ƙwallo mai nauyi, jikinta duk ƙuraje kamar ɓawon lemo. Ya tambayi malamin Hausa yadda ake kiran wasan, aka ce masa ƙwallon kwando. Sai wani ɗan ajinmu mai shegen baki ya ce, "Kwando? Ai ga ɗan masaƙi nan." Shi ke nan aka ɗora mini. Na dawo gida na sami Baba yana tsaga gora, na durƙusa daga gefe.

"Baba, kwando ake so a makaranta. Amma marar gindi."

Bai ɗago ba. "Marar me?"

"Marar gindi."

"Kai, kwando daga gindi ake fara shi. In babu gindi, ta ina zan kama? Me ma za a zuba a ciki?"

"Ƙwallo ake jefawa, ta faɗo ta ƙasa."

"A jefa, ta faɗo. Sannan?"

"Sannan a sake jefawa."

Wuƙarsa ta ci gaba da bin gorar. Can ya ce, "Allah ya kyauta." Na tashi ina ganin maganar ta mutu. Bayan kwana biyu na fito da safe na tarar da sabon kwando jingine a ƙofar ɗakina, cikakke, da gindinsa da komai. Inna ce ta isar mini da saƙon. Ta ce, "Ya ce shi ba ya yanke aikinsa. In za ka ɓata, ka ɓata da hannunka, kuma ba a ƙofar gida ba." Na ɗauki wuƙa na zagaya bayan gida, wajen turken awaki, na yanke gindin.

Filinmu wani daben siminti ne a bakin gari, wanda manoma suka haɗu suka yi don shanya. Ba mu da iko da shi sai an gama kaka, an kwashe masara da shinkafa da duk abin da aka baza. Shi ya sa da na fara jin masu rediyo suna cewa "kakar wasa" ban ga abin mamaki ba, mu tamu dama a bayan kaka take zuwa. Ranar da aka share shanyar ƙarshe mu kafa turaku, mu yi ta yi daga la'asar zuwa magariba, har ruwan farko ya kore mu gona. Ba ma ƙirga kakanninmu da shekara. Kowace da abin da ake tuna ta da shi.

Ta farko ita ce kakar ɗan bautar ƙasa. Ba mu iya komai ba. Mu rungume ƙwallo mu ruga da ita kamar an saci kaza, shi kuma ya yi ta hura usur har wuyansa ya kumbura. Bakin kwandon bai yi sati ba ya karye, sai wani mai walda a Kwanar Dangora ya lanƙwasa mana rodi ya yi zobe, muka ɗaure sabon kwando a ƙarƙashinsa da waya, a madadin raga. Ɗan bautar ƙasar ya gama hidimarsa ya tafi, ya bar mana ƙwallon da usur ɗin. Mutanen gari suka ce abin zai bi shi. Bai bi shi ba.

Sai kakar barkono. A shekarar kowa ya noma barkono, kuma a kan dabenmu aka shanya shi. Mun share, mun wanke, a banza. In ƙwallo ta bugi ƙasa sai yajin ya tashi. Mu mun saba, muna wasa muna hawaye. Ranar da 'yan Bebeji suka zo kuwa, kai, abin tausayi! Atishawa kawai suke, ba sa ganin zoben ma, muka lallasa su. Har yau akwai dattawa a Bebeji da suka rantse asiri muka yi musu. A kakar ne na gane Allah ya ba ni hannu. In na tsaya daga gefen hagu na saki, ba na ma tsayawa kallo.

A kaka ta gaba muka sami Bafulataninmu. Dogo ne har ya fi ni, daga wata ruga ta hanyar Tudun Wada. Kullum da yamma sai ya tsaya da shanunsa a bakin fili, ya harɗe ƙafa ya jingina da sanda yana kallonmu. Wata rana ƙwallo ta fita wajensa, ya ɗauke ta da hannu ɗaya kamar ƙwarya ya miƙo mana. Ba mu bar shi ya tafi ba. Ya zama aminina, har yau. Shi na taɓa yi wa ƙorafin Baba, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai ma ka samu. Ni tsohona in na shigo ta nan, ta can yake fita."

Duk waɗannan kakanni, ranar da aka share daben, washegari zan tarar da kwanduna biyu a ƙofar ɗakina. Ban sake roƙo ba tun na farko. Shi ma bai taɓa cewa ga shi ba. In ɗauki wuƙa in zagaya bayan gida. Sauran garuruwa duk sun koma ragar kanti, suna kiranmu 'yan tumatir. Abokan wasana sun sha cewa mu ma mu saya mu huta da gori, ni na hana, har na kusa dambe da wani a kai. Na ce musu kwando ya fi raga ƙarko. Gaskiyar magana ita ce, wannan kwandon shi kaɗai ne hirar da ke tsakanina da mahaifina, kuma ban so ta yanke.

Amma abin da nake so na ainihi bai samu ba. So nake ya zo ya gani. Sau ɗaya tak. Filin nan daga ƙofar gidanmu ana jin ihunsa. Limamin gari ya taɓa tsayawa ya kalla, mai unguwa ya kalla, tsofaffi masu dawowa daga fadama sukan ajiye fartanya su kalla. Baba kuwa in hanya ta biyo da shi ta wajen, sai ya zagaya ta bayan makabarta.

Kakar Doguwa ita ce babbarmu. Garuruwan yankin suka shirya gasa a tsakaninsu, muka yi ta cin wasa har muka kai na ƙarshe, a can Doguwa. Muka cika bas, muka ratsa daji, wasu na amai ta taga. Wasa ya yi zafi, ana saura ƙiris a tashi suna gabanmu, Bafulatani ya ƙwato ƙwallo ya wurgo mini gefen hagu, na saki. Ta shiga, muka ci wasan. Da muka dawo, 'yan acaɓa suka tare mu tun daga kwana, suka rako mu da hon har cikin gari. Muka biyo ta ƙofar gidanmu, Baba na gindin darbejiya. 'Yan wasa suka durƙusa gaishe shi, ya amsa wa kowa, ya sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe hannun Bafulatani yana tambayarsa shanu da mutanen ruga. Da ya zo kaina sai ya mai da ido kan saƙarsa ya ce, "Kai, an ba awaki ruwa kuwa?"

Raina ya ɓaci ranar, ɓacin da ban taɓa yi ba. Na ba awaki ruwa ina huci. Da kaka ta zagayo na cire kunya na same shi shi kaɗai, na ce, "Baba, ranar Asabar 'yan Doguwa za su zo ramuwa. Da za ka ɗan leƙo." Ya ci gaba da saƙarsa. Sannan ya ce, "In zo in tsaya cikin mutane ina kallonka? Me za a ce da ni?" Ban sake tambaya ba. Ni ma ina da zuciya, kuma a wajensa na gado ta.

Daga nan kakanni suka yi ta wucewa, wasu da daɗi, wasu ba a cewa komai. Akwai kakar da wata ƙungiya ta birni mai biyan albashi ta ɗauke mana Bafulatani, muka yi murna muka kuma sha kashi a hannun kowa. Bai daɗe ba ya dawo da ciwon idon sawu, ya koma wa shanunsa. Akwai kakar da ba a buga ko wasa ɗaya ba, don damina ba ta yi kyau ba, samari duk sun tafi cirani. Ko a wannan kakar na tarar da kwanduna a ƙofar ɗaki. Na yanke su, na ɗaure, na riƙa zuwa ni kaɗai ina jefawa. Na yi aure, na haihu, gwiwoyina suka fara ƙara in na tashi daga sallah. Yaran da muka koya wa suka fi mu gudu, na koma bakin fili da usur, ni ne koci.

A tsakanin nan idon Baba ya fara tafiya. Da farko cewa yake hazo yake gani, har ya kai ba ya gane mutum sai ya yi magana. Mun kai shi asibiti a birni, likita ya ce irin ciwon nan ne da ke cin ido a ɓoye, an makara. Ya karɓi abin da haƙuri, ya fi mu ma. Noma ya gagare shi, amma saƙa ba ta gagare shi ba, don dama hannunsa ne ke gani. Ƙanena ke saro masa geza, ya zauna a zaure yana lalube yana saƙa.

Kakar da nake son ba da labarinta, an share daben, na tarar da kwanduna kamar kullum. Na ɗauko wuƙa zan wuce ta zaure, sai na ji ya ce, "Kai."

Na tsaya.

"Ɗaya za ka yanke. Ɗayan ka bar shi yadda yake."

"Baba, ai ba ya yiwuwa, ƙwallon za ta maƙale."

"Na sani. Yaushe ne wasan?"

"Asabar. Da 'yan Tudun Wada."

"Zan je. In ta wuce ta ƙasa ba zan san ta shiga ba, shi ya sa na ce ka bar gindin." Ya shafa bakin tabarma. "Yanzu ai ba wanda zai ce na kalle ka."

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa mini haushi ne. Yanzu? Sai da idonka ya tafi, gwiwata ta tafi? Ina kake lokacin da nake tashi sama kamar ba zan sauko ba? Ban faɗa ba, a ciki na haɗiye. Na zagaya bayan gida na yanke ɗaya, na zauna a kan turmi da ɗayan a hannu, sai ga hawaye. Na san ba yaran zai zo ji ba, ni ne, ga shi rabona da shiga wasa na gaske an yi kakanni, kuma ban san ko hannun nan yana nan ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na riƙo sandarsa muka taho, yana bayana. Bai zagaya ta makabarta ba. Na shimfiɗa masa tabarma kusa da turken da muka ɗaura wa kwando mai gindi. Kocin Tudun Wada tsohon abokin karawata ne, mun sha gwabzawa da shi muna samari. Na ja shi gefe na faɗa masa yadda ake ciki, na ce matsalar ita ce in an juya fili a rabin lokaci, kwandon zai koma nasu. Bai bari na gama ba, ya je ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, ya ce, "Baba, yau ba juyi. Wannan kwandon na masu gida ne har a tashi." Bafulatani ya zauna kusa da shi da sandar kiwonsa, aikinsa in ƙwallo ta shiga ya zunguro ta ta ƙasa.

Aka fara. Yaranmu suka saka ta farko, ta faɗa cikin kwandon, tif, geza ta yi ƙara. Baba ya karkata kai ya ce, "Wa ya saka?" Bafulatani ya ce, "Ɗan gidan mai shayi ne, Baffa." Ya gyaɗa kai. Aka sake sakawa, ya sake tambaya, aka faɗa masa. Haka aka yi ta yi. Ni ina bakin fili, rigar wasa a jikina ta matse ni, ina ta jan lokaci don tsoro.

Bayan hutu na shiga. Jifana na farko ko zoben bai taɓa ba. Na biyu ya bugi katako ya dawo. Wani yaro da na girmi ubansa ya zare ƙwallo daga hannuna ya wuce, ina tsaye. Numfashina ya fara fita da ƙara, gwiwa kamar ana soka mini allura. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Can na karɓi ƙwallo a gefen hagu, sai na ga yaron Tudun Wada da ke tsarona ya ja baya, ya saki hannuwa, ya bar mini hanya. Na daka masa tsawa na ce, "Kai, tare ni! Uban wa ya ce ka tausaya mini?" Sai muryar Baba daga kan tabarma, a hankali amma kowa ya ji: "Ku tare shi mana. Ba sadaka muka zo karɓa ba."

Suka kuwa tare ni. Rana ta yi ƙasa, ladan ya kusa kiran magariba, ban saka ko ɗaya ba. Na fara cewa a raina shi ke nan, ya zo, ya zauna, zai koma gida bai ji komai ba. Ana dab da tashi na kutsa ƙarƙashin zobe da ƙarfin hali, yaron nan ya doke mini hannu da gaske, har na ji daɗin dukan. Alƙalin wasa ya hura, ya ba ni jifa biyu.

Na tsaya a kan layi. Filin ya yi tsit, har kukan shanun Bafulatani ana ji daga nesa. Na saki ta farko, ta zagaya bakin zoben ta faɗo waje. Aka miƙo mini. Na buga ta a ƙasa, na dubi inda yake. Yana zaune ya miƙe wuya, kunnensa wajen turken, hannuwansa a kan gwiwa. Na yi bismillah na saki.

Tif.

Bai tambayi wa ya saka ba. Bafulatani ya ɗaga sanda zai zunguro ta, Baba ya lalubo ƙafarsa ya riƙe, ya ce, "Bari ta ɗan zauna." Aka bar ta. Muna tsaye mu duka, da mu da baƙi, muna kallon ƙwallo zaune cikin kwando. Sannan ya ce, "Wannan ta wane ce." Ba "wane" ya ce ba. Sunana ya faɗa, sunan yanka, wanda shi da kansa ya raɗa mini. Ban taɓa jin sa a bakinsa ba sai ranar. Dattawan da ke wajen duk suka sunkuyar da kai, ni kuma na ja wuyan riga na rufe fuska, ina tsaye a tsakiyar fili da furfura a gemuna.

'Yan Tudun Wada ne suka ci wasan, da rata mai yawa ma. Na riƙo sandarsa muka koma gida. A ƙofar zaure ya ce, "Kai, a shigo da tabarmar nan." Bai sake faɗar sunan ba har ya bar duniya. Da daminar shekarar Allah ya karɓi abinsa, ana tsakiyar noman farko. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kafin ruwan farko na kwance kwandon daga zoben na kawo gida, shi ne wanda ke rataye a zaure. Ƙungiyar tana nan, yanzu ragar kanti suke sakawa, ban hana ba. Yaron da ya yi mini tambayar shi ne nawa na fari, kuma shi ma gefen hagu yake tsayawa. Ƙannen mahaifina sun yi mini magana a kan yadda nake kiran sunan yaron a gaban mutane, na ba su haƙuri, na ci gaba. Ranar Asabar suna da wasa a Bebeji, na riga na gaya wa mai acaɓa ya biyo mini bayan azahar.